Ɗan da Ya Girmi Ubansa

 Yau da lissafi za mu fara, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku na firamare ba.

Sarki Yehoram na Yahuza ya hau gadon sarauta yana da shekara 32, ya yi shekara 8 yana mulki, ya mutu. Ya mutu yana ɗan shekara 40 ke nan. Haka littafin Tarihi na Biyu ya nuna a ƙarshen sura 21. Sai a shiga sura 22 aya 2, a tarar a matanin Ibrananci wai ɗansa Ahaziya, wanda ya gaje shi nan take, shekarunsa 42 ranar da aka naɗa shi. Ɗa ya girmi ubansa da shekara biyu. Ahaziyan nan kuwa ba ma ɗan fari ba ne, shi ne autan gidan. In aka koma Sarakuna na Biyu sura 8 aya 26, inda aka ba da labarin wannan sarkin dai, 22 aka rubuta.

Duk Kiristan da ke riƙe da waya a ƙasar nan, da wuya a ce ba a taɓa turo masa irin wannan ba. Jeri ne ake yi mai tsawo: Sulemanu ɗakunan dawaki 40,000 gare shi ko 4,000? Mutum 70 suka gangara Masar tare da Yakubu ko 75? Sarki Yehoyakin yana ɗan shekara 8 aka naɗa shi ko 18? A ƙarshe a rufe da tambaya, to ina maganar Allah a nan?

Matashin da ya turo yana jin shi ya gano abin jiya da daddare. Amma jerin ya girmi kakannin kakanninsa. Ibn Hazm, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 1064, ya bi alƙaluman Attaura da lissafi a littafinsa Al-Fisal. Rahmatullah Kairanawi na Indiya ya tara irinsu a Izharul Haƙƙ a 1864. A Turai akwai Thomas Paine. A nan Afirka ma, wani bishop na Anglika a Natal, John Colenso, wanda asalinsa malamin lissafi ne, ya tayar da ƙura a 1862 da ya zauna yana auna yawan Isra'ilawan da suka fito daga Masar. Sannan ga Ahmed Deedat na Durban, wanda kaset-kaset ɗinsa da ƙananan littattafansa suka shiga lungu da saƙo na arewacin Najeriya. Yawancin abin da ke yawo a WhatsApp yau, tsohon kaya ne aka sake wa buhu.

Tsufan tambaya kuwa ba ya kashe ta. Tana nan tana jiran amsa, kuma amsar da na fi jin 'yan'uwana Kirista suna bayarwa ita ce mafi rauni: a fusata, a ce ƙarya ne, babu irin wannan a Littafi Mai Tsarki. Sai mai tambaya ya buɗe littafin ya ɗora yatsa a kan ayar. Shi ke nan, an sha ƙasa tun ba a shiga fili ba.

Akwai amsa ta biyu mai kama da ilimi. Wasu tsoffin masu sharhi, Yahudawa da Kirista, sun ce 42 ɗin nan ba shekarun Ahaziya ba ne, shekarun daular Omri ne, gidan da uwarsa Ataliya ta fito. An yi dabara, ba a ƙi ba. Amma a wurina kame-kame ne. Jimlar ta zo da siga ɗaya da wadda ake amfani da ita wajen faɗar shekarun kowane sarki, babu dalilin da zai sa a wannan wurin kaɗai ta koma nufin wani abu, in ba don mun matsu ba.

Amsar gaskiya ta fi wannan sauƙi: wani mai kwafa ne ya yi kuskure. Asalin adadin 22 ne. Shaida uku ne a kai. Littafin Sarakuna ya ce 22. Tsohuwar fassarar Suriyanci da wasu kwafin fassarar Girkanci sun ce 22 a Tarihin kansa. Na uku, shi littafin Tarihi ya riga ya gaya mana uban ya mutu yana da 40, don haka marubucin da ya rubuta wancan ba zai juyo ya ba ɗan 42 ba. Shi ya sa fassarori da dama na zamani suke buga 22 a cikin ayar, su sa bayani a ƙasan shafi.

Sai a tuna yadda littafin nan ya iso hannunmu. Na'urar buga littattafai ba ta zo Turai ba sai wajen 1450. Kafin nan, kowane kwafi da hannu aka rubuta shi, harafi bayan harafi, a kan fata ko takardar gargajiya, wani lokaci daga tsohon kwafin da ya riga ya koɗe. Cikakken Tsohon Alkawari na Ibrananci mafi tsufa da ake da shi yau, wanda ke ajiye a birnin St Petersburg na Rasha, an rubuta shi a Alƙahira wajen 1008. Tsakaninsa da zamanin da aka rubuta littafin Tarihi an haura shekara 1,300. A irin wannan doguwar tafiya, adadi ne ya fi saurin jin ciwo. In mutum ya ɓata harafi a cikin kalma, mai karatu yakan gane ya gyara, don jimlar za ta yi masa tsaye a wuya. Adadi kuwa kamar lambar waya yake: in aka canja alƙalami ɗaya, lambar tana nan da kyanta, babu abin da zai nuna ta lalace sai ka buga ka ji muryar baƙo.

Haka batun dawakin Sulemanu yake. A Ibrananci, huɗu da arba'in harufansu ɗaya, sai a wutsiyar kalma suka rabu. Littattafan biyu, Sarakuna da Tarihi, sun yarda mahayansa 12,000 ne, Sarakuna kuma ya ce karusansa 1,400. Mai karusa 1,400 ɗakunan dawaki 4,000 sun ishe shi.

Na Yehoyakin ya fi daɗin ji, don a nan ƙasa ce ta ba da shaida. Sarakuna na Biyu sura 24 ya ce 18, Tarihi na Biyu sura 36 ya ce 8. Wata uku kacal ya yi a kan mulki, Nebukadnezzar ya kwashe shi zuwa Babila a shekarar 597 kafin haihuwar Almasihu, kuma Sarakuna ya ce har da matansa aka tafi. Yaro ɗan shekara 8 da mata? To, Jamusawa masu tonon tarihi sun haƙo wasu allunan yumɓu a kangon Babila, wani masani Ernst Weidner ya wallafa abin da ke jikinsu a 1939. Takardun ma'ajin fada ne, lissafin man da ake raba wa fursunonin sarki. A ciki ga sunan Yehoyakin sarkin Yahuza, ga kuma kason 'ya'ya biyar na sarkin Yahuza. Ɗaya daga cikin allunan na wajen shekarar 592 ne, wato shekara biyar bayan kama shi. Da 8 ne, da yana ɗan shekara 13 yana da 'ya'ya biyar. Allunan suna Berlin har yau. Magatakardan da ya rubuta su ba ruwansa da gardamar addini, shi dai kada mai ya ɓata a hannunsa.

Na san abin da mai suka zai ce yanzu: ai ka amsa da bakinka akwai kuskure. E, na amsa akwai kuskuren masu kwafa, kuma ikilisiya ba yau ta fara amsawa ba. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, ya rubuta wa Jerom, mai fassara Littafi Mai Tsarki, wasiƙa wajen shekarar 405. A ciki ya bayyana cewa in ya gamu da abin da ya ga kamar ya saɓa wa gaskiya a Nassi, abu uku yake zargi: ko kwafin da ke hannunsa na da aibi, ko mai fassara bai kamo ma'anar ba, ko shi ne bai fahimta ba. Kafinsa ma, wajen shekarar 180, Ireniyus na Lyon ya yi magana kan wasu kwafin Wahayin Yahaya da ke ɗauke da 616 a maimakon 666, ya ce kuskuren masu kwafa ne. A 1978, malaman Kirista masu tsananin riƙo da cewa Nassi ba ya kuskure sun taru a Chicago, suka rubuta a fili cewa wannan da'awa ta shafi rubutun asali ne, kwafi da fassara kuwa maganar Allah ne gwargwadon yadda suka riƙe asalin da aminci.

A nan ne nake ganin maƙwabtanmu Musulmi da mu muke yawan magana ba ma jin juna. Fahimtar wahayi a Musulunci daban take da ta Kirista. Kirista sun gaskata Allah ya hure mutane, annabawa da marubutan tarihi da manzanni, suka rubuta da harshensu da salonsu, wani lokaci suna ambaton kundin fadar da suka ɗauko labari daga ciki. Ba su taɓa koyar da cewa an tsare hannun kowane mai kwafa daga tuntuɓe ba. Wanda ya nuna wa Kirista 42 ya nuna masa abin da malamansa suka daɗe da sani. Mutum na iya ƙin yarda da wannan fahimta, haƙƙinsa ne. Amma in za a kayar da ita, sai a kayar da ita a kan abin da ta faɗa.

Akwai dai tambaya mai nauyi da ta rage, kuma ba zan kauce mata ba. Rubutun asalin nan da ake jingina da shi, babu wanda ke da shi. To ta yaya aka san abin da ya ce? Ta hanyar shaidu masu yawa da ba su haɗa baki ba: matanin Ibrananci, fassarar Girkanci da aka fara a Iskandariya ƙarni uku kafin Almasihu, ta Suriyanci, ta Latin, Attaurar Samariyawa, da kuma littattafai biyu da suka ba da labari ɗaya. Abin da ya ba mai suka damar ganin saɓanin, shi ne ya ba masani damar gyara shi. Da Sarakuna kaɗai gare mu, ko Tarihi kaɗai, da babu saɓani ko ɗaya, da kuma babu hanyar gane inda alƙalami ya zame.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Malaman Yahudawa da ake kira Masoret, waɗanda suka riƙe kwafar matanin Ibrananci har zuwa ƙarni na 10, mutane ne masu ƙirga kalmomi da harufa, har sukan sa alama a tsakiyar littafi. Kana tsammani ba su ga ɗa ya girmi uba ba? Sun gani. Alƙalami na hannunsu, babu mai tsaye a kansu. Suka kwafa yadda suka tarar. Dubi Sama'ila na Ɗaya sura 13 aya 1. Adadin shekarun Saul ya faɗi daga ayar tun da can, har Ibranancin ya koma kamar yana cewa yana ɗan shekara ɗaya ya zama sarki. Ƙarni bayan ƙarni ana kwafar wannan giɓi, ba wanda ya cike shi da ka. Masu sauya littafi yadda suka ga dama, irin waɗannan wurare za su fara sharewa.

Batun 70 da 75 wani iri ne daban. Farawa sura 46 ya ce 70, Istifanas kuma a Ayyukan Manzanni sura 7 ya ce 75. An daɗe ana cewa Istifanas ya yi ɓatan kai. Alhali fassarar Girkanci, wadda Yahudawa masu jin Girkanci irinsa suke karantawa, 75 take da shi, don ta ƙara da jikoki da tattaɓa-kunnen Yusufu ta wajen Manassa da Ifraimu. Sai aka ce to masu fassarar ne suka ƙara. Ana nan, a 1947 makiyaya suka faɗa kan tuluna a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, cike da naɗaɗɗun littattafai da suka girmi kwafin Alƙahira da shekara 1,000. Cikin guntayen da aka samu daga baya akwai na littafin Fitowa, da Ibrananci, suna cewa 75. Ashe ƙirga biyu ne tun da, ɗaya ya tsaya a wani tsatso, ɗaya ya gangara ƙasa. Kogunan nan, af, sun rage wa Goliyat tsawo: kwafin Sama'ila na can ya ba shi kamu huɗu da taƙi, wajen mita biyu, maimakon kamu shida da taƙi, kuma fassarar Girkanci da Yosefus, marubucin tarihin Yahudawa, sun goyi bayansa. Ƙato ne dai har yanzu, amma irin ƙaton da ido ya taɓa gani.

Inda na fi so mu daɗe shi ne shekarun sarakunan Isra'ila da Yahuza, don a nan ne aka fi yi wa littafin dariya, a nan ne kuma ya fi ba da mamaki. In ka tara shekarun sarakunan arewa, wato Isra'ila, ka tara na kudu, wato Yahuza, tsakanin lokuta biyu da suka haɗu, ba sa daidaita. An ce Nadab na Isra'ila ya hau a shekara ta 2 ta Asa na Yahuza, ya yi shekara 2, aka kashe shi a shekara ta 3 ta Asa. Masana da yawa sun ɗauka alƙaluman sun lalace ba gyara.

Wani Ba'amurke, Edwin Thiele, ya fitar da littafi a 1951 bayan ya yi shekaru yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya nuna shi ne fadojin zamanin ba hanya ɗaya suke ƙirga ba. A ce sarki ya hau saura wata biyu shekara ta ƙare. A wata fada, wata biyun nan shekararsa ta ɗaya ce, da sabuwar shekara ta kama ya shiga ta biyu. A wata fadar, wata biyun na sarkin da ya gabace shi ne, sai sabuwar shekara za a fara ƙirga masa. A tsari na farko, shekara ɗaya takan shiga lissafin sarki biyu. Ƙari a kan haka, wata masarautar tana fara shekara da bazara, ɗayar da kaka. Sannan uba kan naɗa ɗansa su yi mulki tare, kamar Yotam da ya riƙe fada lokacin da kuturta ta kama ubansa Azariya.

Ga gwajin. Assuriyawa suna da jerin shekaru da aka ɗaure da husufin rana na 15 ga Yuni, 763 kafin Almasihu, wanda masana taurari suka tabbatar. Da wannan aka san sarkinsu Shalmanesar na Uku ya yi yaƙin Karkar a 853, kuma dutsen da ya kafa ya ambaci Ahab na Isra'ila cikin abokan gabansa. Wani dutsen, baƙi, da aka haƙo a Nimrud a 1846, ya nuna Yehu na Isra'ila yana kawo gaisuwa, abin da ya faru a 841. Duwatsun biyu suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Tazararsu shekara 12. Amma tsakanin Ahab da Yehu sarakuna biyu suka yi mulki: wani Ahaziya, ɗan Ahab, shekara 2, da Yoram, shekara 12. Jimla 14. Ya za a cusa 14 cikin 12? In Isra'ila na bin tsarin farko, kowanne an ƙara masa shekara guda: 1 da 11, 12 cif. Har ma Sarakuna na Biyu ya ce Ahaziyan Yahuza ya hau a shekara ta 12 ta Yoram a sura 8, ya ce ta 11 a sura 9. Da can saɓani ake kiransa. Ashe magatakarda biyu ne, kowa da tsarinsa.

Ban ce Thiele ya warware komai ba. Shi da kansa ya tsaya cak a zamanin Hezekiya, ya ce wasu ayoyin Sarakuna na Biyu sura 17 da 18 ba su shiga tsarinsa ba, kuma masana na jayayya da shi a wurare har gobe.

Wasu ƙorafe-ƙorafen ba sa buƙatar dogon zance. Kwatarniyar tagulla ta Haikalin Sulemanu, faɗinta kamu 10, kewayenta kamu 30; sai a ce ai lissafi ya ce 31 da ɗoriya. Mai ba da labari ne yake faɗar girman kwatarniya da ma'aunin hannu, ba injiniya ba.

Ƙidayar Dawuda kuwa ta fi wuya. Sama'ila na Biyu sura 24 ya ce mayaƙan Isra'ila 800,000, na Yahuza 500,000. Tarihi na Ɗaya sura 21 ya ce 1,100,000 da 470,000. Na Yahuza ana iya cewa an cike adadi ne, Tarihi kuma ya ce Yowab, wanda ya yi ƙidayar, bai ƙirga Lawi da Biliyaminu ba. Na Isra'ila fa, da ratar 300,000? Masu ɗinke ɓaraka sukan ɗauko rundunoni 12 masu mutum 24,000 kowace daga Tarihi na Ɗaya sura 27, su sami 288,000, sannan su nemo 12,000 daga wani wuri su cike. Yana yiwuwa. Amma 12,000 ɗin nan aro ne, ayar ba ta ba da shi ba. In malami ya ce wa almajiransa wannan wurin ba a daddale shi ba tukuna, ya fi masa mutunci da ya miƙa musu lissafin da ɗan sakandare zai kwance cikin minti biyu.

Haka jerin waɗanda suka komo daga bautar Babila, a Ezra sura 2 da Nehemiya sura 7. Dukansu sun ce jimla 42,360. In ka tara iyali-iyali da kanka, Ezra zai ba ka 29,818, Nehemiya 31,089. Zuriyar Ara 775 ne a can, 652 a nan. Wasu sun ce jimlar ta haɗa da mutanen da ba a jera gidajensu ba. Wasu sun lura cewa a zamanin Farisa ana rubuta adadi da 'yan sanduna da alamomi, kamar yadda takardun Yahudawan tsibirin Elefantin na Masar suka nuna, kuma sanda ɗaya in ta goge, ɗaya ko ɗari ya tafi. Babu bayani guda da ya share duka.

Amma a wuri ɗaya ana iya ganin sawun mai kwafar ƙarara. Ezra ya ce mawaƙa maza da mata 200, sai dawakai 736, alfadarai 245. Nehemiya ya ce mawaƙa 245, kuma a yawancin kwafin Ibrananci na Nehemiya, ayar dawakai da alfadarai babu ita sam. Masana da dama suna ganin mutumin ya rubuta ɗari biyun mawaƙa, ya ɗaga kai ya tsoma alƙalami, da ya mai da ido sai ya sauka a ɗari biyun alfadarai, layi ɗaya a ƙasa, ya ci gaba daga nan. Mawaƙa suka gaji adadin alfadarai, dawakai suka ɓace. Bayi 7,337, raƙuma 435 da jakuna 6,720 kuwa, littattafan biyu ba su saɓa ko da ɗaya ba.